Inda Fayil Yake Kwana: Bayani a kan Kurakuran Rumbun Bayanai cikin Littafin Burauza

Daga cikin abubuwan da ke karya zuciyar ɗalibi mai koyon sarrafa bayanai da kwamfuta a wannan zamani, musamman wanda yake koyo shi kaɗai ba malami a kusa, da wuya a sami wanda ya kai ya bar aikinsa lafiya lau da dare, jadawalinsa cike da sunaye da alƙaluma, ya wayi gari ya buɗe littafinsa cikin burauza, ya danna umurnin nan da ya danna jiya, sai na'ura ta amsa masa da jan rubutu cikin Turanci, ta ce ba ta san wani jadawali mai wannan suna ba, ko ta ce rumbun a kulle yake, ko kuwa ta ce faifai ya ƙi karɓar rubutu. Mafi yawan waɗanda abin ya sama sukan ɗora laifin a kan abin da suka rubuta, su yi ta goge layi suna sake shi har dare ya raba, alhali kuwa a galibin lokuta rubutun nasu ba shi da aibi ko kaɗan. Illar tana ga wurin da fayil ɗin rumbun yake zaune, kuma wuri ne da littafin bai cika nuna wa mai shi ba.

Kafin a shiga maganar magani wajibi ne a san abubuwa biyu da suka haɗu suka haifi mas'alar. Na farko shi ne littafin kansa, watau shafin nan da mutum ke buɗewa ya tarar da gurabe a jere, ya rubuta umurni a gurbi guda da harshen Python, ya danna, amsa ta fito nan take a ƙarƙashinsa. Asalinsa wani aiki ne mai suna IPython wanda Fernando Pérez ya fara a shekarar 2001 yana ɗalibi a Jami'ar Colorado ta Amurka, daga baya a 2014 aka ware sashen littafin aka raɗa masa suna Jupyter, sa'an nan kamfanoni suka ɗauki fasalin suka gina nasu a kansa, kamar Colab na Google da littattafan Kaggle. Na biyu kuwa ita ce SQLite, manhajar rumbun bayanai da Richard Hipp ya rubuta a shekarar 2000 ya kuma sake ta kyauta ga kowa, wadda ta saɓa wa manyan 'yan'uwanta irin su PostgreSQL da MySQL ta fuska guda mai girman gaske: su suna da wata manhaja da ke zaune dare da rana tana karɓar buƙatun jama'a tana jera su bi da bi, ita kuwa ba ta da kowa, rumbun nata gaba ɗaya, da jadawalai da fihirisa da komai, fayil ɗaya ne tak a kan faifai. Da yake Python na zuwa da ita a cikinsa, ita ce ɗalibi ke fara gamuwa da ita, kuma da yake dukan rayuwarta a fayil guda take, duk abin da ya sami wurin da fayil ɗin yake ya same ta.

To, ina wurin yake? Ido yana ganin littafi a fuskar kwamfutar da ke gabansa, sai zuciya ta ɗauka komai a nan yake, amma fa aikin burauza nuni ne kurum, injin da ke zartar da umurnin yana iya kasancewa a wani wuri dabam. Wanda ya girka Jupyter a kwamfutarsa, injin da fayil duka suna a faifansa, kuma shi ne mafi kwanciyar hankali. Wanda ke aiki da Colab kuwa, injinsa yana can a wata cibiyar na'urori ta Google, a kan wata kwamfuta ta aro da ake ba shi na ɗan lokaci, wadda a tsarin kyauta ba ta wuce awa 12 tana aiki, kuma in ya bar ta ba motsi za a karɓe ta tun kafin haka. Misalinta kamar ɗakin masaukin fatake ne, wanda baƙo yake da ikon shimfiɗa kayansa a ciki yadda ya ga dama muddin yana nan, amma da zarar ya ɗaure kayansa ya tafi sai mai masauki ya sa a share ɗakin sarai domin mai zuwa, kuma babu wanda zai ce an ci amanarsa, tun da a kan haka aka yi sharaɗi. Littafin kansa, da umurnan da ke ciki da amsoshin jiya, yana ajiye a Drive, ma'ajiyar fayiloli ta Google a intanet, shi ya sa yake buɗewa kamar ba abin da ya faru. Amma foldar da ake kira /content, inda fayil ɗin rumbun yake faɗawa idan ba a ambaci wani wuri ba, tana cikin ɗakin da aka share. Akwai kuma na uku wanda ya fi sauran baƙunta, irin JupyterLite da ya bayyana a 2021, inda Python kansa yake gudana a cikin burauza ta hanyar wani aiki mai suna Pyodide, babu wata na'ura daga nesa, fayilolin da ake gani a gefen shafi kuma suna zaune a wata ma'ajiya ta burauzar da ake kira IndexedDB, wadda ke tafiya ranar da mutum ya share bayanan burauzarsa, ba ta kuma bin sa zuwa wata kwamfuta.

Wanda ya riƙe wannan taƙsimi ya sami mabuɗin kuskuren da ya fi kowane yawa, wanda na'ura ke faɗa da cewa “no such table”. Sababinsa wata ɗabi'a ce ta SQLite wadda alheri ce ga gwani, tarko ce ga sabon shiga, watau idan aka umurce ta da buɗe fayil mai wani suna ba ta tarar da shi ba, ba ta yin ƙorafi, sai ta ƙirƙiro sabo mai wannan suna, fanko, ta miƙa wa mai tambaya kamar shi ne abin da ya nema. Ɗalibi ya duba gefen shafi, ya ga rumbunsa, a ce makaranta.db, na nan zaune da sunansa, ya rantse cewa fayil ɗinsa bai ɓace ba, ya ci gaba da tuhumar umurninsa. Da zai dubi girman fayil ɗin da ya ga sifili, ko bayit ɗaya babu a ciki, kuma lokacin da aka yi shi bai wuce 'yan mintoci ba. Haka nan yake faruwa ga wanda ya kuskure harafi guda a sunan, ko ya sa babban baƙi inda ƙarami yake, domin kwamfutocin Colab da Kaggle bisa tsarin Linux suke, shi kuwa Linux yana ɗaukar Makaranta.db da makaranta.db abubuwa biyu ne waɗanda ba su san juna ba. Binciken bai fi layi biyu ba: os.getcwd() zai faɗi foldar da injin yake tsaye a ciki, os.path.getsize kuma zai faɗi girman fayil. Ihtiyaɗin da na fi so ga wanda ya riga ya mallaki rumbu shi ne ya buɗe shi da adireshi mai ɗauke da mode=rw tare da uri=True, domin ta wannan hanya idan fayil ba ya nan SQLite za ta faɗi gaskiya tun daga ƙofa, ba ta yi masa sabo ba.

Saƙon “unable to open database file” ɗan'uwan wancan ne, sai dai ya fi shi sauƙin hali, tun da shi ba ya yaudara. SQLite tana iya ƙirƙiro fayil amma ba ta ƙirƙiro folda, saboda haka in aka ba ta adireshin da ya bi ta foldar da babu ita sai ta tsaya. A nan ne wanda ya rubuta adireshin faifan kwamfutarsa ta Windows cikin Colab yake iya faɗawa, ya manta cewa injin da ke can bai taɓa ganin faifansa ba. Haka wanda ya ambaci /content/drive/MyDrive bai riga ya jona Drive ba. Haka kuma wanda ya fara adireshi da alamar ~ yana zaton Python zai fassara ta da kansa. A Kaggle kuwa foldar /kaggle/input ta karatu ce kaɗai, wanda duk yake son ya canza wani abu a rumbu sai ya fara kwafe shi zuwa /kaggle/working, in ba haka ba ya gamu da wannan saƙo ko da mai cewa “attempt to write a readonly database”.

Yanzu sai mas'alar kulle, wadda ta cancanci a daɗe a kanta, domin mutane da yawa suna ɗaukar ta fitina, ita kuwa ita ce ainihin abin da ya sa ake amince wa wannan manhaja. Ƙa'idar SQLite ita ce masu karatu suna iya yin yawa a lokaci guda, amma mai rubutu ɗaya ne ba ya zama biyu. Idan wani haɗi, watau hanyar da aka buɗe zuwa rumbun, ya fara rubutu sai ya riƙe kulle a kan fayil, ba ya kuma sakinsa har sai ya tabbatar da abin da ya rubuta da umurnin commit, ko ya janye shi da rollback, ko ya rufe. A al'adarsa Python yana buɗe wannan zango na rubutu da kansa, ba tare da ya sanar da kowa ba, da zarar an ba da umurnin saka bayani ko canza shi ko goge shi, sa'an nan ya zauna yana jiran commit. A manhajar da ke gudana daga farko zuwa ƙarshe ta fita, abin ba ya daɗewa, tun da fitarta tana sakin komai. Littafi kuwa ba ya fita: injinsa yana nan a raye daga gurbi zuwa gurbi, mutum yana tsallake wannan ya koma wancan, ya buɗe haɗi da suna ɗaya a sama, ya buɗe wani da wani suna a ƙasa, umurni ya karye a tsakiya kafin ya kai ga commit, haɗin farko ya ci gaba da riƙe kulle shiru, na biyu ya zo ya jira daƙiƙa 5, wanda shi ne wa'adin da Python ya sa, sa'an nan ya ce “database is locked”. Abin da ya ƙara rikita lamarin shi ne rufe shafin burauza ba ya kashe injin a Jupyter, saboda haka littafin da mutum ya rufe tun da hantsi yana iya kasancewa shi ne ke riƙe da rumbun har la'asar. Maganin shi ne a bi haɗe-haɗen da aka buɗe a tabbatar da kowane a rufe shi, in an rasa gano mai laifi a sake tayar da injin, a kuma leƙa jerin littattafan da ke gudana a kashe waɗanda ba a buƙata. Ƙara wa'adin jira yana da amfani inda marubuta biyu suke karɓa-karɓa da gaske, amma inda mai riƙe da kulle ya manta da shi ne, ko an jira shi awa guda ba zai saki ba.

Dole a ja kunne a nan game da wani ɗan fayil da ke bayyana a gefen rumbu a irin wannan hali, mai suna irin nasa da ƙarin -journal a ƙarshe. Shawarar da ke yawo tsakanin ɗalibai ita ce a goge shi kulle ya tafi, kuma a ganina babu shawarar da ta fi ta muni a wannan babi. SQLite tana kasa rumbunta shafi shafi, kowane shafi bayit 4096 a tsarin da ta ɗauka tun 2016, kuma kafin ta taɓa kowane shafi sai ta kwafe asalinsa ta ajiye a wancan ɗan fayil, domin idan wuta ta ɗauke ko injin ya mutu a tsakiyar rubutu, wanda ya zo buɗe rumbun daga baya ya tarar da shi, ya mayar da shafukan yadda suke, rumbu ya koma halinsa na kafin a fara. Wanda ya goge shi a wannan hali ya bar rumbu rabi sabo rabi tsoho, ya kuma halaka hujja ɗaya tak da za a gyara shi da ita. Wannan ya fi shafar mu da muke zaune inda wuta ke ɗaukewa ba sallama, musamman mai aiki da Jupyter a kwamfutar tebur ko wadda batirinta ya gaji. Mai aiki da Colab, shi ɗaukewar wuta ko yankewar intanet a gidansa ba ta taɓa fayil ɗinsa kai tsaye, tun da injin yana can yana aikinsa. Abin tsoronsa shi ne ya daɗe bai dawo ba har a karɓe kwamfutar aron da duk abin da ke kanta.

Wannan tsoro ne ke kai mutane ga dabarar da ake gani kamar ita ce hikima, watau a jona Drive, a ajiye rumbun a can, a riƙa buɗe shi kai tsaye daga can, tun da Drive ba a share ta. Niyyar kyakkyawa ce, kuma sau da yawa abin yakan yi aiki na wani lokaci, musamman in rumbun ƙarami ne kuma karatu kawai ake yi, wanda hakan ne ma ya sa ɗabi'ar ta yaɗu. Sai dai SQLite tana da sharuɗɗa a kan wurin da za ta zauna: tana buƙatar ta iya rubutu a tsakiyar fayil a daidai gurbin da ta nufa, tana buƙatar kulle na haƙiƙa wanda kowa zai girmama, tana kuma buƙatar idan aka ce mata rubutu ya sauka a faifai ya kasance lalle ya sauka. Drive kuwa an gina ta ne domin a ɗora fayil ɗungum a sauke shi ɗungum, kuma abin da Colab ke nunawa da kamannin folda wata manhaja ce a tsakani da ke karɓar rubutu ta riƙe, ta aika ta intanet daga baya. Idan ƙananan rubuce-rubuce suka yi yawa, ko hanya ta tsinke, ko littattafai biyu suka taɓa fayil ɗin a lokaci guda kowane bai san da ɗan'uwansa ba, sai a ga “disk I/O error”, wanda ma'anarsa ita ce SQLite ta nemi wani abu daga wurin ajiya an kasa yi mata. Masu SQLite da kansu sun daɗe suna gargaɗi a rubuce-rubucensu game da ajiye rumbu a faifan da ake isa gare shi ta hanyar sadarwa, saboda kullensa ba abin dogaro ba ne. Irin wannan saƙo yana iya fitowa a littattafan da ke gudana cikin burauza kacokan, bisa sababi makamancin wannan, tun da ma'ajiyar burauza ita ma kwaikwayon faifai take yi. A can mafita ita ce a buɗe rumbun da sunan :memory: ya zauna a ƙwaƙwalwar injin, da sanin cewa sabunta shafi zai tafi da shi, saboda haka a ajiye ainihin bayanan a wani fayil dabam da za a riƙa cika shi da su.

Hanyar da ta fi aminci a Colab tana da ɗan tsawo amma ba wuya. A farkon zama a kwafo rumbun daga Drive zuwa /content, a yi dukan aiki a can inda faifan na gaske ne, in an gama a tabbatar a rufe haɗi, sa'an nan a mayar da kwafi Drive, a kira drive.flush_and_unmount() domin abin da ke hannun manhajar tsakani ya ƙarasa isa. In aikin mai tsawo ne, kada a jira ƙarshe, kuma kada a kwafe fayil ana cikin rubutu a kansa. A yi amfani da umurnin backup da Python ya ƙara tun fitowa ta 3.7, ko VACUUM INTO da SQLite ta kawo a 2019, waɗanda dukansu suke fitar da kwafi cikakke mai daidaito ko da rumbun a buɗe yake.

Akwai wata shawara kuma da ake yawan bai wa mai fama da kulle, cewa ya juya rumbunsa zuwa tsarin WAL, wanda ya shigo a fitowa ta 3.7.0 ta SQLite a shekarar 2010. Tsari ne mai kyau a mahallinsa, domin yana barin masu karatu su ci gaba yayin da ake rubutu. Amma ya dogara ne ga ƙwaƙwalwar da masu amfani ke tarayya a cikinta a kan kwamfuta guda, saboda haka bai dace da faifan nesa ba ko kaɗan, sa'an nan yana haifar da fayiloli biyu a gefe, mai -wal da mai -shm, kuma sabbin bayanan da aka riga aka tabbatar suna iya kasancewa a cikin mai -wal ba su riga sun shiga uwar fayil ba. Wanda ya ɗauki uwar kaɗai ya kai Drive kafin ya rufe haɗi, gobe zai buɗe rumbu lafiyayye wanda aikin yammacin jiya ba ya ciki, ba kuwa wani jan rubutu da zai sanar da shi. Tsarin yana manne wa fayil ɗin ne ba haɗin ba, ko'ina aka kai shi da shi zai tafi, har sai an mayar da shi da PRAGMA journal_mode=DELETE.

Saura saƙonni biyu masu ban tsoro a ido. Na farko, “file is not a database”, galibi ba lalacewa ba ce, abin da aka sauko da shi ne ba rumbun ba. Kowane rumbun SQLite yana farawa da bayit 16 da ke ɗauke da kalmomin SQLite format 3, saboda haka a buɗe fayil a karanta farkonsa. Sau da yawa abin da za a tarar shi ne alamomin shafin intanet, domin mutum ya ba da adireshin shafin da ke nuna fayil a GitHub maimakon na fayil ɗin kansa, ko kuwa ya sauko da shafin gargaɗin da Drive ke nunawa kafin ta saki babban fayil, wani lokaci kuma fayil ne matsattse da ba a warware ba. Na biyu, “database disk image is malformed”, shi ne na gaske, ko da yake shi ma yakan zo ne daga gaggawa, kamar wanda ya ɗora rumbu mai nauyi ta intanet mai rarrafe, ya ga sunan ya bayyana a gefen shafi, ya buɗe shi alhali da'irar da ke nuna ci gaban ɗorawa ba ta cika ba. A gwada girmansa da na asali bayit da bayit, a kuma raba shi da girman shafi, domin rumbu cikakke ba ya barin ragowa. In girman ya yi daidai, PRAGMA integrity_check zai bi rumbun shafi shafi, ya amsa da ok in lafiya yake, ko ya lissafo wuraren da suka taɓu.

Idan ta tabbata cewa lalacewa ce, abu na farko shi ne a yi kwafin fayil ɗin tare da duk ƙananan da ke gefensa, a ajiye wuri guda kada a taɓa, dukan gwaji a yi shi a kan kwafi na biyu. In fihirisa ne kawai ya taɓu, umurnin REINDEX yana sake gina shi daga jadawali ba tare da asara ba. In kuwa ɓarnar ta shiga jadawalan kansu, manhajar sqlite3 ta layin umurni tana da .recover tun 2019, wanda ke tsinto duk abin da zai iya karantawa daga shafukan da suka tsira ya fitar da shi a matsayin umurnan da za a gina sabon rumbu da su, layukan da ya kasa gane jadawalinsu kuma ya tara su a wani jadawali mai suna lost_and_found. Abin da ya fito ta wannan hanya sai an ƙidaya layukansa an gwada su da takardun asali kafin a gina wani hisabi a kansa, domin yana iya dawo da layin da aka riga aka goge da gangan, yana kuma iya rasa wanda ake buƙata.